Likita ya ce a canja wa mahaifiyata gaɓar kafaɗa: mu amince?

“Assalamu alaikum likita. Mahaifiyata shekarunta 66, tana da ciwon suga. Yau shekara huɗu ke nan tana fama da ciwon kafaɗar hagu. Da farko sai ta yi aiki take jin sa, yanzu kuwa ko barci ba ta samu, ɗaurin ɗankwali ma sai an taimaka mata. An yi gashin ƙashi, an yi mata allura a cikin gaɓar sau biyu, ta sha magunguna har cikinta ya fara ciwo. Da aka ɗauki hoto, likita ya ce guringuntsin ya cinye, ƙashi na gugar ƙashi, sai dai a canja gaɓar. Mu mun san ana canja gwiwa da ƙugu, amma ba mu taɓa jin na kafaɗa ba. Aikin tabbatacce ne? Hannun zai koma yadda yake? Za ta iya sujada da tsarki da kanta? Shekara nawa ƙarfen yake yi? Wasu na cewa mu kai ta waje.”

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya ba Hajiya lafiya, Ya saka maka da alheri kan kula da ita. In na fahimce ka, kana son sanin ko aikin abin dogaro ne, ko lokacinsa ya yi, da kuma irin hannun da Hajiya za ta koma gida da shi. Aikin kam tabbatacce ne, kuma wajen kawar da ciwo yana cikin ayyukan ƙashi da suka fi gamsar da marasa lafiya. Amma maganar motsi, musamman kai hannun hagu baya don tsarki, ta rataya ne a kan wani abu da hoton da aka ɗauka bai cika nunawa ba, wato lafiyar jijiyoyin da ke riƙe da gaɓar. A kansu zan fi tsayawa.

Aikin ba sabo ba ne. Tun a 1893 wani likitan Faransa mai suna Jules Péan ya sa wa wani mutum gaɓar kafaɗa ta ƙarfe da roba a birnin Faris, saboda tarin fuka ya cinye masa ƙashin. Bayan shekara biyu aka cire ta don ciwon ya dawo. Irin wadda ake sawa yanzu ta samo asali ne daga aikin Charles Neer a Amurka a shekarun 1950. Abin da ya sa ba ku ji labarinta ba shi ne, ko a ƙasashen da aka fi yi, canjin gwiwa da ƙugu sun ninka na kafaɗa sau da yawa, a wajenmu kuma masu ƙwarewa a kai ba su da yawa.

Abin da ya lalace a ciki

Gaɓar ƙugu kamar taɓarya ce a cikin turmi, gurbin mai zurfi ne, ƙashin da kansa yake riƙe ta. Kafaɗa ba haka take ba. Kan ƙashin dantse dunƙulalle ne babba, gurbin da ke jikin allon kafaɗa kuwa ɗan ƙarami ne marar zurfi, kamar tulu a kan gammo. Shi ya sa ta fi kowace gaɓa juyawa, shi ya sa kuma ta fi kowacce saurin gocewa. Abin da ke tallafe tulun kada ya zame su ne tsokoki huɗu da jijiyoyinsu suka lulluɓe kan ƙashin, ɗaya ta gaba, ɗaya ta sama, biyu ta baya. Likitoci na ce musu roteta kof. A samansu akwai babbar tsokar nan da ta ba kafaɗa siffarta, deltoyid, wadda ke ɗaga hannu. In ƙananan huɗun suna lafiya, sai su danne kan ƙashin a tsakiyar gurbi, babbar ta ɗaga. In sun tsinke, babbar tana ja sai kan ƙashin ya zame sama ya tokari rufin kafaɗa, hannun ya ƙi tashi.

Fuskokin ƙasusuwan biyu a lulluɓe suke da guringuntsi mai santsi, kaurinsa bai wuce milimita ɗaya zuwa biyu ba a yawancin wurare. In ya cinye ba ya sake tsirowa, babu ƙwaya ko allura ko man shafawa da ke dawo da shi. Daga nan sai ƙashi ya riƙa gugar ƙashi, gefe ya fito da tsiro, gaɓar ta sandare, a riƙa jin ƙaras-ƙaras in an motsa. Ciwon dare shi ne ya fi karya mutane, don da an juya kan wannan gefen sai a farka.

A shekarun Hajiya, yawanci tsufan gaɓa ne. Amma a tambaye ta: ta taɓa faɗuwa aka yi mata ɗori? Gocewar kafaɗa da ba a mayar daidai ba, ko karayar kan ƙashin da ta haɗe a karkace, kan ɓoye shekaru sannan ta fito da irin wannan ciwon. Akwai amosanin gaɓɓai irin wanda garkuwar jiki ke cin gaɓoɓi, wanda kan kama yatsu da wuyan hannu na ɓangarorin biyu. Akwai mutuwar kan ƙashi saboda yankewar jini, wadda muke yawan gani a masu sikila, don bayan ƙugu kafaɗa ce ta biyu da take kamawa. Wannan mutuwar ƙashin kan kuma samu masu daɗewa suna shan ƙwayoyin deksametason ko firedinisolon, ko don ƙiba, ko a cikin haɗin ƙwayoyin ciwon jiki da ake ƙullawa a leda. Wannan haɗin yana da kyau a bincika ko Hajiya na shan sa, don yana tayar da suga, yana raunana ƙashi, kuma dole mai ba da maganin barci a ɗakin tiyata ya san da shi.

A tabbatar gaɓar ce tukuna

Mai ciwon suga da kafaɗarta ta sandare, abin da likita ke fara kawarwa shi ne daskarewar kafaɗa, wato ƙanƙancewar jakar da ta lulluɓe gaɓar. Tana yawan kama masu suga, tana hana barci, tana hana ɗaurin ɗankwali, amma a hoto za a ga tazarar gaɓar tana nan, kuma ba a canja gaɓa dominta. Ciwon wuya ma kan sauko kafaɗa, sai dai shi yakan wuce gwiwar hannu har yatsu, da jin kamar ana tsira allura. Tunda likitanku ya ga ƙashi na gugar ƙashi, da alama an wuce nan. Duk da haka a tabbatar an ɗauki hoton ta fuska biyu, na gaba da kuma wanda ake ɗauka ta hammata. Na hammatar ne ke nuna ko kan ƙashin ya zame baya, da yadda gurbin ya cinye.

Bayan wannan ana buƙatar hoton CT don a auna ƙashin gurbin da ya rage, domin a jikinsa za a kafa sabon. Sai hoton MRI, ko dubawa da na'urar sikanin a hannun wanda ya ƙware, don a ga jijiyoyin nan huɗu. Ni a ganina bai kamata a sa ranar aiki ba kafin a san halin da suke ciki.

Game da lokaci kuwa, ba hoto ake yi wa aiki ba, mutum ake yi wa. Wani hotonsa ya yi muni amma yana barcinsa yana harkarsa da farasitamol, wannan a ƙyale shi. Hajiya kuwa ta yi gashi, ta yi allura biyu, barci ya gagara, magani ya fara cin cikinta. Magungunan zafi irin su daikulofenak da ibufurofen ga mai shekara 66 mai suga, na tsawon watanni, haɗari ne ga ciki da ƙoda, kuma shi kansa wannan dalili ne na a daina jan lokaci. Jinkirin wasu watanni don shiri ba ya cutarwa. Jinkirin shekaru kuwa yana cinye ƙashin gurbin har a rasa inda za a kafa.

Gaɓar iri biyu ce

Ta farko tana kwaikwayon halitta. Ana yanke kan ƙashin da ya lalace, a sa dunƙulen ƙarfe mai santsi, yawanci haɗin kobal da kurom, a kan wata ƙafa ta titaniyom da ke shiga cikin ƙashin dantse. Wasu sababbin ma ba su da doguwar ƙafar, a saman ƙashin suke kamawa in yana da ƙwari. Gurbin kuma a kankare shi a liƙa masa faifan roba mai tauri da simintin ƙashi. Wannan ita ta fi ba da juyi, har kai hannu baya. Sharaɗinta ɗaya ne: jijiyoyin huɗu su kasance lafiya. In aka sa ta alhali sun tsinke, ƙarfen zai riƙa hawa gefen robar yana girgiza ta kamar haƙori mai motsi, har ta saki.

Ta biyu ita ce juyayyiya, likitoci na ce mata ribas. Paul Grammont ne ya ƙirƙiro tsarinta a birnin Dijon na Faransa a 1985, Amurka kuma ba ta amince da ita ba sai a ƙarshen 2003. A nan ana musanya wurare: dunƙulen ƙarfen a ɗaure shi da kusoshi masu zare a jikin allon kafaɗa, kwanon robar kuma ya koma kan ƙashin dantse. Da wannan sauyin kan ƙashin ba ya iya zamewa sama, kuma babbar tsokar ta sami tsawon da za ta ɗaga hannu ita kaɗai. An yi ta ne don masu tsinkakkun jijiyoyi, amma yanzu ana sa ta ga wanda gurbinsa ya cinye sosai, da tsohon da kan ƙashinsa ya farfashe, da mai tsohuwar gocewa. A ƙasashe da dama ta riga ta fi ta farkon yawa. Abin da take buƙata shi ne tsokar deltoyid da jijiyar da ke motsa ta su kasance suna aiki. Rauninta kuwa, ga wanda ke tambayar tsarki, shi ne ba ta cika ba da kai hannu baya ba.

Akwai rabin canji, inda ake canja kan ƙashin kaɗai a bar gurbin. Ya fi dacewa da matashi mai sikila wanda kan ƙashinsa ya mutu amma guringuntsin gurbinsa bai taɓu ba. Ga irin ciwon Hajiya, barin gurbin yakan bar sauran ciwo. Akwai kuma haɗe gaɓar ɗungurungum ta daina motsi, wanda ake ajiyewa don inda tsokar ta shanye ko ƙwayar cuta ta ƙi mutuwa.

Wacce ta dace da Hajiya, wannan ba zan iya yankewa daga nesa ba, sai wanda ya riƙe hannunta ya gwada ƙarfinsa ya kuma duba hotunan. Amma ku tambaye shi kai tsaye wacce zai sa da dalilinsa, kuma ko zai tanadi ɗayar a ɗakin tiyata. Yakan faru a buɗe a tarar da jijiyoyin sun fi yadda hoto ya nuna lalacewa.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Suga ne kan gaba. A yi gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin suga na kusan wata uku. Yawancin likitoci ba sa so ya kai 8, in ya wuce sukan ɗaga aikin, don sugan da ya hau yana hana rauni warkewa, yana buɗe wa ƙwayar cuta ƙofa. Sai allurar nan ta cikin gaɓa: a tuna ranar da aka yi ta ƙarshe, domin ba a so a yi aikin kafin cikar wata uku da ita, kuma kada a ƙara wata yanzu. A duba yawan jini, ƙoda, zuciya da hawan jini. A nemo duk inda ciwo ke ɓoye a jiki a magance shi, ruɓaɓɓen haƙori, ciwon fitsari, gyambon ƙafa. A gaya wa likita duk maganin da take sha, har asfirin da sauran masu tsinka jini, har jiƙe-jiƙen gida.

Fatar kafaɗar kuma a bar ta lafiya. Kada a yi ƙaho ko tsaga ko shafa abin da zai ƙona ta, ko da an ce na rage zafi ne kafin ranar. Ƙaramin rauni a wurin ya isa a fasa aikin. Mai sikila yana da nasa shirin daban: sau da yawa akan ƙara masa jini har ya kai wajen giram 10 a gwajin yawan jini, a kiyaye masa ruwa da ɗumi da iskar shaƙa, don gudun tashin ciwon bayan aiki.

A gida a tanadi gado mai tsayi da kujera mai ƙarfi, don tashi daga tabarma ko katifar ƙasa ba ya yiwuwa sai an dafa. A samo masai na zama, riguna masu buɗewa ta gaba ko masu faɗin wuya, da mace ɗaya da za ta tsaya mata wajen wanka da sa tufafi na aƙalla mako shida. A san mai gashin ƙashi na asibiti da zai karɓe ta tun kafin a shiga tiyata.

Ranar aikin

Ana sa ta barci gaba ɗaya, kuma yawanci a haɗa da allura a gefen wuya da ke kashe hannun na tsawon awa 12 zuwa 24. Ku sani tun yanzu za ta farka hannun ya yi nauyi kamar ba nata ba, kada a tsorata. Allurar takan rage numfashin wannan gefen na ɗan lokaci, saboda haka mai asma ko ciwon huhu ya faɗa tun da wuri. Kuma zafin yakan dawo farat ɗaya, galibi cikin dare, don haka a sha maganin zafi tun hannun ya fara dawowa, kada a jira.

Ana kwantar da ita a kishingiɗe, a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya cikin awa ɗaya kafin yanka. Yankan ta gaban kafaɗa yake, santimita 10 zuwa 15, ana bi ta tsakanin tsokar kafaɗa da ta ƙirji ba tare da yanke su ba. Amma don a isa gaɓar yawanci sai an cire jijiyar gaba daga cikin huɗun nan, a gama aiki sannan a mayar da ita a ɗinke a jikin ƙashi. Ka riƙe wannan, domin yawancin dokokin bayan aiki saboda wannan ɗinkin aka kafa su. Aikin kan ɗauki awa ɗaya zuwa biyu, kwanciya asibiti kwana ɗaya zuwa uku in komai ya tafi daidai, a cire zare bayan kwana 10 zuwa 14.

Mako goma sha biyun farko

A nan ne aiki mai kyau ke lalacewa a hannun masoya. Jijiyar da aka ɗinke tana buƙatar kamar mako shida kafin ta fara kama ƙashi, wata uku kafin ta yi ƙwari. A makonni huɗu zuwa shidan farko hannun yana cikin maratayi, har da barci. Ana cire shi sau uku ko huɗu a rana a motsa yatsu da wuyan hannu da gwiwar hannu, a sunkuya a bar hannun ya yi lilo a hankali. Mai gashi ne ke ɗaga hannun, ita ba ta sa ƙarfinta. Ba a juya hannun waje fiye da iyakar da likita ya faɗa, wadda galibi ba ta wuce digiri 30. Ba ta dafa kujera ko gado da shi don ta tashi, ba ta ɗaukar abin da ya fi kofin shayi, ba mai kama wannan hannun ya ja ta. In za ta kwanta, a kishingiɗe, da ƙaramin matashi a bayan gwiwar hannun kada ta faɗa baya. Ga mai juyayyiya, motsin da ya fi gocar da ita shi ne kai hannu baya tare da dafawa, irin na mai son gyara zani ta baya ko tashi daga ƙasa.

Daga mako shida zuwa sha biyu take fara ɗagawa da kanta, da farko a kwance, sannan a zaune, sannan ta riƙa hawan bango da yatsu. Ƙarfafa tsoka da igiyar roba sai bayan wata uku. Ciwon yakan ragu tun makonnin farko, amma motsi da ƙarfi suna ci gaba da ƙaruwa har shekara guda, wani lokaci fiye.

Kuskure biyu ne ke maimaituwa. Ɗaya, da zafi ya tafi a mako na biyu sai a jefar da maratayin, ta ɗauki buta ko jika, ɗinkin ya tsinke. Na biyu, tsoro ya sa a naɗe hannun wata uku ba motsi, ya sandare. Akwai kuma mai zuwa dubiya da zai kawo shawarar a kira mai ɗori ya ja, ko a gasa da ruwan zafi ana matsawa. Ka tsaya da ƙafarka ka hana, ko wane ne.

Abin da kan ɓaci

Shigar ƙwayar cuta shi ne abin tsoro, wajen mutum ɗaya cikin ɗari a ta farko, ya ɗan fi haka a juyayyiya, kuma suga yana ƙara shi. Kafaɗa tana da wata ƙwayar cuta ta daban da ke zaune a ramukan gashin fata, irin mai kawo ƙurajen fuska. Ba ta cika kawo zazzaɓi ko mugunya ba, sai dai ciwo marar dalili da sandarewa bayan watanni, kuma a ɗakin gwaji sai an jira ta har kwana 14 kafin ta tsiro. Shi ya sa in rauni yana tsattsafo da ruwa bayan kwana biyar zuwa bakwai, ko ya yi ja ya kumbura, ko zazzaɓi ya zo, ba kemis za a je a sayo kafso ba. Shan sa a makance yana ɓoye ƙwayar ne, ya hana a gane ta. A koma wurin wanda ya yi aikin a ranar.

Sauran sun haɗa da tsinkewar ɗinkin jijiyar, gocewa, da taɓuwar jijiyar motsi wadda yawanci takan farfaɗo cikin watanni. A juyayyiya, ƙashin rufin kafaɗa kan tsage saboda jan tsoka, musamman ga mata masu raunin ƙashi. Alamarsa sabon ciwo a saman kafaɗa bayan an fara samun sauƙi, kuma yana buƙatar a dakatar da gashi a ɗauki hoto. A ta farko, abin da ke zuwa da daɗewa shi ne robar ta saki, ko jijiyoyin su tsinke daga baya, sai a mayar da ita juyayyiya. Daskarewar jini a ƙafa bai kai na aikin gwiwa da ƙugu yawa ba, amma kumburin ƙafa ɗaya ko sarƙewar numfashi maganar gaggawa ce.

Tsawon rai kuwa, alƙaluman ƙasashen da ke rajistar waɗannan ayyuka sun nuna kusan tara cikin goma suna nan suna aiki bayan shekara goma, da yawa kuma suna wuce haka nesa. Ga mai shekara 66 da ba ta aikin ƙarfi, akwai kyakkyawan zaton ɗaya ta ishe ta. Ɗan shekara 40 mai noma ko dako lissafinsa daban ne, ya sa a ransa wataƙila za a sake.

Sujada, tsarki da aikin gida

Hannun ba zai koma na ƙuruciya ba, gara a gaya wa Hajiya haka tun yanzu. Abin da ake sa rai shi ne barci ba ciwo, cin abinci, wanke fuska, taje kai, ɗaurin ɗankwali, ɗaga hannu sama da kafaɗa. Wanda hannunsa ya daɗe a sandare kafin aiki ba ya kai wanda aka yi wa da sauran motsi.

Sujada tana ɗora nauyi a hannu, tashi daga ita ya fi ɗorawa. A watanni ukun farko sai ta yi sallarta a kan kujera, abin da addini ya sauwaƙa wa marar lafiya, malaminku kuma zai yi mata bayanin yadda ake yi. Bayan nan yawanci ana komawa sujada da izinin likita, tana tashi da ƙarfin ƙafa da hannun dama. Ɗaga hannu don kabbara ba ya zama matsala bayan an cire maratayi.

Tsarki shi ne inda nau'in gaɓar ke nuna kansa. Da ta farko, yawanci hannun yakan kai baya bayan wata uku zuwa shida. Da juyayyiya, wasu suna kaiwa, wasu hannun yakan tsaya a gefen ƙugu. Waɗannan sukan koyi bi ta gaba, ko a sa musu ɗan famfon feshi a gefen masai. Kada kunya ta hana a faɗa wa likita wannan buƙatar kafin aiki, musamman in likitan ba ɗan al'adarmu ba ne, bai san hannun hagu ne ke wannan aikin ba. A makonnin farko kam ba za ta yi da hagun ba ko kaɗan.

Akwai ayyukan da ya fi kyau ta bar su har abada: daka, jan guga, faskare, ɗora kaya a ka. Likitoci da yawa na iyakance ɗauka da wannan hannun a wajen kilo 10, jarkar ruwa mai lita 25 kuwa kilo 25 ce. Girki, shara mai dogon hannu, tsintar shinkafa, riƙon jariri a zaune, duk ba laifi. In tana da niyyar Hajji ko Umra, a ba hannun aƙalla wata shida, don cunkoson ɗawafi ba ya tausayin kafaɗa.

A gida ko a waje

Ku fara da babban asibitin ƙashi, irin na Dala a Kano ko Igbobi a Legas ko na Inugu, ko sashen ƙashi na asibitin koyarwa, don a sake dubawa a kuma nuna muku wanda ke yin kafaɗa musamman. Ƙwarewa a gwiwa da ƙugu ba ta wadatar a nan, kafa gurbin kafaɗa daidai aiki ne na wanda hannunsa ya saba. Ko a ina ne, ku tambayi likitan guda nawa yake yi a shekara, wane kamfani ne ya ƙera ƙarfen, kuma in matsala ta taso wa zai gyara. Likitan kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyin.

In kun zaɓi waje, kamar Indiya ko Masar inda mutanenmu suka fi zuwa, kada kuɗin ya ƙare a tiyata da jirgi. Aikin da aka yi da kyau aka dawo da shi garin da ba mai gashi, ba likitan da zai bi sawu, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Ku sami likitan gida da ya yarda zai karɓe ta tun kafin tafiya, ku zauna can aƙalla mako biyu har a cire zare. Ku dawo da rahoton aikin a rubuce, da takardar da ke ɗauke da sunan ƙarfen da lambarsa da girmansa, da hotunan bayan aiki, da jadawalin gashi mako-mako. A ɗauki hoton takardun a waya, a kuma ajiye na asalin, don ko bayan shekara goma sha biyar aka buƙaci gyara, da su za a nemo kayan da suka dace da wanda ke jikinta.

Kafin ku kai ga wannan, a cikin makon nan a dakatar da daikulofenak da danginsa, a gwada ƙoda da yawan jini da HbA1c, a kuma nemi hoton da zai nuna jijiyoyin. In bayan gidanta ya koma baƙi kamar kwalta, ko ta yi aman jini, kada a jira ranar ganin likitan ƙashi, a kai ta asibiti nan take.